Tsohon Raket Ɗin Da Muka Tsinta A Sito

 

Ranar da aka yi aikin share siton kayan wasanni, mutum huɗu daga kulob ɗinmu suna cikin waɗanda aka tura. Can ƙarƙashin tarin yagaggun raga da ƙwallayen da suka sace, sai aka jawo wani abu mai kama da rariya, amma da doguwar ƙota. Ƙura ta rufe shi, kansa ya ɗan karkace, tsirkiya uku sun tsinke. Wani ɗan ajinmu mutumin Roni ya ce matankaɗin Turawa ne. Wani mutumin Babura ya ce ai da irinsa ake kashe sauro, sai dai wannan ba shi da batir. Har an jefa shi cikin tarkacen da za a kai kicin a hura wuta, sai malamin wasanni ya hango shi. Ya sa aka goge wuyansa da tsumma, sai ga rubutu ya fito: Dunlop Maxply Fort.

Malam ya juya shi a hannu, ya ce, "Wannan raket ne na ƙwallon tanis, kuma ya girmi iyayen wasunku. Ku je ku binciko yadda aka yi shi. In kun gama kuna ganin itacen wuta ne, to ku ƙona."

Mun bincika, mun auna, mun tambayi malaman kimiyya da na fasaha, har da wani kafinta a cikin garin Kazaure. Ga abin da muka samo.

Daga tafin hannu zuwa raket

Kakan wasan tanis ya faro ne a ƙasar Faransa wajen ƙarni na 12. A lokacin da tafin hannu ake bugun ƙwallon, shi ya sa Faransawa suka sa masa suna wasan tafin hannu. Da hannu ya gaji da zafi, sai aka koma sa safar hannu ta fata, daga nan aka koma wani ɗan allo na katako. Wajen ƙarni na 16 ne aka fara amfani da kewayen itace mai saƙar tsirkiya a tsakiya. Wasu masu nazarin harshe suna ganin ita kanta kalmar raket ta samo asali daga kalmar Larabci "raha", wato tafin hannu. In haka ne, sunan yana tuna mana inda aka faro.

Tanis irin na yau, wanda ake yi a fili a waje, ya kafu ne a Ingila. A shekarar 1874 wani tsohon soja mai suna Manjo Walter Wingfield ya yi wa nasa tsarin wasan rajista, ya riƙa sayar da akwati mai ɗauke da raga, sanduna, ƙwallayen roba da raket. Bayan shekara uku, a 1877, aka yi gasar Wimbledon ta farko da 'yan wasa 22. Tun daga wannan lokaci har kusan shekara ɗari, raket ɗin katako ne ke mulkin filin.

Abin da awo ya nuna mana

Mun kai raket ɗinmu ɗakin gwaje-gwaje. Tsawonsa santimita 68 da rabi, wato inci 27, kuma har yau wannan ne tsawon mafi yawan raket ɗin manya. Nauyinsa a sikeli ya kusa giram 390. Raket ɗin zamani yakan tsaya ne wajen giram 300. Faɗin wurin da tsirkiya ta rufe a raket ɗin katako kimanin murabba'in santimita 420 ne, na zamani kuwa yakan kai 645 ko fiye. Ke nan tsohon ya fi nauyi, kuma kansa ya fi ƙanƙanta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sassansa huɗu ne. Akwai kai, wato kewayen da aka saƙa tsirkiya a ciki. Akwai wuya, inda gefe biyu na kan suka haɗu a kan wani guntun katako mai kusurwa uku. Akwai sanda, wadda ta sauko daga wuya. Sai ƙota, wadda aka naɗe da fata. Wanda ya shafa ƙotar zai ji ba mulmulalliya ba ce kamar ta fartanya. Gefe takwas gare ta. Dalili shi ne ɗan wasa ba shi da lokacin duba hannunsa idan ƙwallo na zuwa. Gefen da ya ji a tafinsa shi ke gaya masa inda fuskar raket ɗin ta dosa.

Me ya sa ba a sassaƙa shi daga itace guda ba?

Wannan ce tambayar da ta fi ɗaukar mana lokaci, kuma a nan darasin yake.

Masassaƙanmu suna fitar da turmi, akushi, allo da ƙota daga itace guda. Masu yin raket na farko ma haka suka so su yi. Sukan samo doguwar tsaga ta wani itace na ƙasashen sanyi da Turawa ke kira ash, su turara ta da tururin ruwan zafi har ta yi laushi, sannan su lanƙwasa ta ta zama kewaye, su ɗaure har ta bushe. Masu yin rariya da ganga a wurinmu sun san irin wannan aiki. Matsalar ita ce itace guda yana da halinsa. Inda akwai gaɓa ko wani rauni a cikinsa, nan zai tsage. Kuma kullum yana neman komawa yadda yake kafin a lanƙwasa shi.

Sai aka sake dabara. Maimakon tsaga ɗaya mai kauri, sai a yanka katako siri-siri kamar rula, a shafa wa kowane gam mai ƙarfi, a jera su ɗaya kan ɗaya, a lanƙwasa su tare a jikin wani ƙarfe mai siffar raket, a matse da zafi har gam ɗin ya kama. Idan kuka duba gefen kan raket ɗinmu za ku ga layuka, wani fari wani duhu. Mun ƙirga ba su gaza shida ba. Kowane layi falle ne na katako daban. Sunan Maxply ma daga nan ya fito, ma'anarsa falle masu yawa. Shi kuma Fort sunan babbar masana'antar kamfanin ce a birnin Birmingham na Ingila. Kamfanin Dunlop, wanda muka fi sani da taya da silifa, kuma a da ya daɗe yana da masana'antar taya a Ikeja ta Legas, shi ya fito da wannan raket a farkon shekarun 1930. An yi ta yin sa kusan shekara hamsin ba tare da wani babban canji a siffarsa ba.

Don mu gane sirrin, malamin fasaha ya sa mu yi wani gwaji da kowa zai iya yi. Ku yanka kwali siri-siri guda takwas, ku jera su ba gam. Za su lanƙwasu cikin sauƙi, kuma da kun sake su za su miƙe. Ku lura da bakinsu yayin da kuke lanƙwasawa: falle na zamewa a kan ɗan'uwansa. Yanzu ku shafa musu gam, ku naɗe su a jikin gwangwanin madara, ku ɗaure da roba su kwana. Da safe za ku tarar sun riƙe siffar gwangwanin, kuma sun yi tauri. Gam ya hana falle zamewa, don haka babu wanda zai iya miƙewa shi kaɗai. Ƙari a kan haka, in wani falle yana da rauni a wani wuri, na sama da na ƙasa da shi suna rufa masa asiri. Wannan dabara ce ake yin filawud da ita, irin wanda ke jikin teburanmu na aji.

Kowane itace da wurinsa

Da aka fara jera falle, sai wata dama ta samu: ba dole ne duka su zama itace iri ɗaya ba. Masu yin raket sukan zaɓi kowane itace saboda halinsa. Ash yana lanƙwasuwa ba ya karyewa da wuri, shi ne gangar jiki. Wani itace mai tauri da ake kira hikori akan sa shi a fallen waje, inda raket ke gogar ƙasa. A wuya da ƙota akan sa katako irin dangin maɗaci. Sannan a wuraren da tsirkiya ta fi ja, wato kafaɗun raket, akan manna ƙarin falle don ƙarfafawa.

Kafintan da muka kai wa raket ɗin bai taɓa kallon tanis ba, amma ya gane wannan nan take. Ya ce shi ma ba zai yi ƙafar benci da katakon da yake yin silin da shi ba. Ya tuna mana cewa ba da kowane itace ake ƙotar gatari ba, kuma ba banza ake neman aduwa in za a sassaƙa allo ba.

Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne cikin itatuwan da masu yin raket ɗin katako ke amfani da su akwai na ƙasarmu. Sunansa obece, fari ne, mara nauyi, yana fitowa a dazuzzukan kudancin Najeriya da Gana da Kamaru da Kwaddibuwa. Akan cusa shi cikin sanda da ƙota don ya cika wuri ba tare da ya ƙara nauyi ba. An yi shekaru ana lodin gungumen katako a jiragen ruwa daga tashoshi irin su Sapele zuwa Turai. Gungume yakan fita da arha, in an sarrafa shi ya dawo mana da tsada. Abin da aka ƙara masa a can shi ne awo, gam, da sanin wane itace ya dace da wane wuri.

Tsirkiyar hanjin sa

Tsirkiya mafi daraja a tanis daga hanjin dabba ake yin ta. A shekarar 1875, a birnin Lyon na Faransa, gidan Babolat, waɗanda sana'arsu ita ce yin tsirkiyar kayan kiɗa daga hanji, suka fara yin ta raket. Da farko hanjin tumaki ake amfani da shi, daga baya aka koma na shanu. Akan ɓare wata fata siririya da ke jikin hanjin, a yanka ta dogaye-dogaye, a wanke, a murɗa su tare kamar igiya, a shanya cikin kulawa, sannan a goge ta yi santsi. Raket ɗaya yana cin tsirkiya kusan mita 12, kuma wannan kan buƙaci hanjin shanu biyu zuwa uku. Duk wanda ya taɓa zuwa karar Maigatari ranar kasuwa ya ga yawan shanun da ke wurin, sai ya yi lissafi. Yau mafi yawan 'yan wasa suna amfani da tsirkiyar roba don ta fi arha kuma ta fi jure ruwa, amma har yanzu manyan 'yan wasa da dama ba su rabu da ta hanji ba, saboda tana miƙewa ta dawo ba tare da ta girgiza hannu sosai ba.

Ga wani lissafi. Raket ɗinmu yana da layin tsirkiya 18 na tsaye da 20 na kwance. Akan ja kowane layi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 25. In muka ninka 18 sau 25, za mu samu kilo 450. Wato layukan tsaye kaɗai suna matse kan raket daga sama zuwa ƙasa kamar an ɗora masa buhu huɗu da rabi na kilo ɗari-ɗari, dare da rana, ko ana wasa ko ba a yi. Na kwance kuma suna yin nasu ta gefe. Katakon da ke ɗauke da wannan duka bai kai nauyin rabin kilo ba.

Wannan lissafi shi ya amsa tambayar da muka ce ku riƙe. Kan raket ɗin katako ƙarami ne saboda in an faɗaɗa shi, katakon ba zai jure jan tsirkiya ba, zai murɗe. In kuma aka ƙara masa kauri don ya jure, zai yi nauyin da hannu ba zai iya wulwula shi ba. Ba doka ce ta tsayar da girmansa a da ba, katako ne ya tsayar.

Yawan jan ma yana da tasiri. Tsirkiya mai ɗan sassauci tana lotsawa ta cilla ƙwallo nesa. Mai tauri sosai ba ta cillawa haka, amma ɗan wasa ya fi iya sarrafa inda ƙwallo zai faɗi. Bjorn Borg na ƙasar Suwidin ya shahara da ɗaure tasa da ƙarfin da ya haura kilo 35.

Damina da hunturu

Me ya karkatar da kan raket ɗinmu? Duk wanda ƙofar ɗakinsu ta katako ta taɓa ƙin rufuwa a watan Agusta, sannan ta saki har da rata a watan Janairu, ya san amsar. Katako yana shan laima daga iska ya kumbura, in iska ta bushe ya tsuke. Ita ma tsirkiyar hanji haka take. A yankinmu, daga Gwiwa har Babura, bambancin laimar damina da bushewar hunturu babba ne. Raket da aka jingina a lungu shekara da shekaru, gefe ɗaya na shan danshin bango, tsirkiya kuma na jan sa, dole ya karkace. Tsinkewar tsirkiya uku ta ƙara dagula lamarin, don jan ya daina zama daidai ta kowane gefe.

Masu raket ɗin katako suna da maganin wannan. Bayan wasa sukan sa kansa tsakanin wasu katakai biyu masu noti a kusurwa huɗu, su ɗaure tamau. Kafinta ya yi mana irinsa da guntayen katako. Ya ce ba lallai ya miƙe sarai ba, amma ba zai ƙara karkacewa ba.

Zamanin katako da ƙarshensa

Manyan gasannin tanis na duniya huɗu ne: na Ostareliya, na Faransa, Wimbledon a Ingila, da na Amurka. Rod Laver na Ostareliya ya cinye huɗun duka cikin shekara ɗaya har sau biyu, a 1962 da 1969, abin da babu wani namiji da ya sake yi, kuma Maxply ne raket ɗin da aka san shi da shi. A 1981 John McEnroe na Amurka ya riƙe irin wannan raket ya doke Borg a wasan ƙarshe na Wimbledon, bayan Borg ya ci gasar sau biyar a jere daga 1976 zuwa 1980.

Amma tun kafin nan an fara yi wa katako zagon ƙasa. Tsohon zakaran Faransa René Lacoste ya ƙirƙiro raket ɗin ƙarfe, kamfanin Wilson ya fito da shi a 1967 da sunan T2000, kuma da shi Jimmy Connors ya ci Wimbledon a 1974. Sai dai babban canjin ya zo ne daga wani injiniya Ba'amurke mai suna Howard Head, wanda ya taɓa aiki a masana'antar jiragen sama. Bayan ya yi ritaya ya fara koyon tanis, abin ya ƙi shi. Duk lokacin da ƙwallo ya bugi gefen tsirkiya, sai raket ya juya a hannunsa. Ya zauna ya yi tunani a matsayinsa na injiniya, ya gane cewa in kan ya fi faɗi, juyawar za ta ragu. Ku dubi mai garuwa: sandarsa mai garwa biyu a ƙarshenta ba ta juyawa da sauri, saboda nauyin yana nesa da kafaɗarsa. Haka nauyin da ke gefen kai mai faɗi yake hana raket juyawa. Katako ba zai iya wannan faɗin ba, sai ya yi amfani da alminiyam, irin wanda ake tukwane da shi. Raket ɗinsa mai suna Prince ya fito a 1976, da faɗin kai kusan murabba'in santimita 710. An yi masa dariya da farko. A 1978 wata yarinya 'yar shekara 16, Pam Shriver, ta kai wasan ƙarshe na gasar Amurka da shi.

Daga nan aka koma zaren kabon, wanda ya fi gashi siriri amma yana da ƙarfi ƙwarai in an haɗa shi da gam. McEnroe kansa ya ajiye katako a 1983. Da Borg ya yi yunƙurin dawowa wasa a 1991 a Monte Carlo riƙe da raket ɗin katako, a wasan farko aka fitar da shi. Da abin ya fara wuce gona da iri, Hukumar Tanis ta Duniya ta sa iyaka: yau raket ba zai wuce santimita 73.7 a tsawo ba, ko 31.7 a faɗi.

Abin lura a nan shi ne yadda ake yin raket ɗin kabon. Ana jera falle kan falle, kowane yana fuskantar ɓangaren da ake son ƙarfi, a haɗa su da gam, a matse da zafi a cikin mazubi. An daina katako, amma dabarar da muka gwada da kwali da gwangwanin madara ita ake bi har yau.

Mu fa, ina muke cikin labarin?

Arthur Ashe, baƙar fata Ba'amurke wanda ya ci Wimbledon a 1975, ya zagaya ƙasashen Afirka yana koyar da yara. A 1971 a birnin Yawunde na Kamaru ya gamu da wani yaro ɗan shekara 11 mai suna Yannick Noah. Labarin da ake bayarwa shi ne yaron ya fara koyon bugu ne da wani allo na katako, kuma Ashe ya ba shi raket. Ashe ya yi masa hanya zuwa Faransa don samun horo. A 1983 Noah ya ci gasar Faransa, kuma shi ake lissafawa a matsayin namiji na ƙarshe da ya ci ɗaya daga manyan gasanni huɗu da raket mai jikin katako.

Ashe ya zo Najeriya ma. Yana Legas wajen wata gasa a watan Fabrairun 1976 lokacin da aka kashe Shugaban Ƙasa Janar Murtala Muhammed, ran 13 ga wata. Bayan kwana uku, yana tsakiyar wasa, sojoji suka shigo filin da bindigogi suka tsayar da wasan.

A shekarar da Noah ya yi nasara, wani ɗan Najeriya, Nduka Odizor, wanda ya fara da tsintar wa masu wasa ƙwallo a Legas, ya doke shahararren ɗan wasan Ajantina Guillermo Vilas a Wimbledon, ya kai zagaye na huɗu. A 1984 ya kai matsayi na 52 a duniya. Shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi sun wakilci Najeriya a wasannin Olamfik na 1988 a birnin Seoul. Nan kusa da mu kuma, a Kano, an shafe sama da shekara talatin ana gudanar da gasar tanis ta Dala, wadda 'yan wasa daga sassan ƙasar nan ke halarta. Daga Kazaure tafiyar ba ta kai awa biyu a mota ba.

Abin da muke roƙo

Da yawanmu mun ɗauka tanis wasan masu kuɗi ne, kuma gaskiya raket ɗin zamani ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Amma Noah da allo ya fara, Odizor da tsintar ƙwallo. Kafintan da muka ambata ya ce daga ragowar filawud zai iya yanka mana allunan bugu masu ƙota, in an ba shi awo. Filin mutum biyu mita 23.77 ne a tsawo, 8.23 a faɗi, tsayin raga a tsakiya kuma santimita 91. Masu koyo da allo rabin wannan fili ya ishe su. Muna da daɓe a bayan ɗakin taro, muna da toka ta zana layi, muna da igiya da tsohuwar raga da za a iya ɗinkewa. Abin da ya rage shi ne ƙwallaye 'yan kaɗan da izinin hukumar makaranta. Muna roƙon Shugaban Makaranta da malamin wasanni su duba mana wannan.

Muna kuma roƙon malamin fasaha ya bari aikin hannu na wannan zango ya zama gwajin lanƙwasa falle da gam: kowane rukuni ya yi kewaye ɗaya, a rataya masa duwatsu a ga na wa zai fi jurewa kafin ya karye. Wanda ya iya wannan ya fara koyon abin da ake yin kujera, kwale-kwale da jikin jirgin sama da shi.

Shi kuwa raket ɗin, ba a ƙona shi ba. Yana rataye a laburare cikin matsewar da kafinta ya yi masa. Kowa na iya zuwa ya ƙirga layukan gefensa, amma don Allah kada a ja tsirkiyar.

Tambayoyin wannan fitowa

1. Layukan kwance 20 ne, kowane an ja shi da ƙarfin kilo 25. Nawa ne jimillar matsin da suke yi wa gefen raket?
2. Me ya sa falle takwas da aka manna da gam suka fi falle takwas da ba a manna ba tauri?
3. Kawo itatuwa uku na garinku, ka faɗi abin da masassaƙa ke yi da kowane, da dalilin zaɓensa.
4. A wane wata ne kake ganin raket ɗin katako zai fi fuskantar haɗarin tsagewa a yankinmu, kuma don me?

A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida.